Caca a Aljihu, Batsa a Gaban Alƙali: Ma'aunin Doka Daga Gadarif Zuwa Kano

Gabatarwa

Garin Gadarif da ke gabashin Sudan, daura da iyakar Habasha, yana cikin manyan rumbunan abincin ƙasar. Dawa da riɗi su ne arzikinsa, kuma kasuwar amfanin gonarsa tana cikin waɗanda ake ji da su a duk faɗin Sudan. Hausawa sun daɗe a wannan yanki. Wasunsu jikokin mahajjata ne da suka bi hanyar ƙasa zuwa Makka suka yada zango, wasu kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira gabas ne bayan yaƙin Burmi na 1903. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a watan Disamba na shekarar, garin ya cika maƙil da 'yan gudun hijira. Tsabar kuɗi ta yi wuya, ciniki ya koma kan waya, har Bankak, manhajar Bankin Hartum, ta zama kamar aljihun kowa.

A ƙaddara matasa biyu a unguwa ɗaya ta wannan gari. Budurwa ta ɗauki kanta tana rawa cikin shigar da iyaye za su kau da kai, ta ɗora a TikTok. Saurayi kuma ya gama yankan riɗi a watan Oktoba, aka tura masa ladan wahalarsa ta waya, ya zuba shi a cacar ƙwallo, kafin mako ya zagayo babu ko sisi. Ita, kafin gari ya waye sunanta ya zaga unguwa, kuma akwai sashen doka da ke jiran ta. Shi, babu wanda zai sani sai mahaifiyarsa, ranar da aka nemi kuɗin cefane aka rasa. Kamfanin da ya kwashe kuɗin kuwa sunansa yana nan ɓaro-ɓaro a allon talla na gefen fili, a wasan da dukan unguwar ta taru ta kalla.

Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa doka, a Sudan da kuma arewacin Nijeriya, tana auna waɗannan abubuwa biyu da mudu daban-daban. Abin da ido ya gani ya ji kunya shi take bi, ta bar abin da ke cin gida a ɓoye. Gyaran da ake nema shi ne a auna su da mudu ɗaya, wato gwargwadon cutarwa, kuma a fara da mai cin riba kafin wanda aka ci.

Abin da Dokar Sudan ta Tanada

Dokar Laifuffuka ta Sudan ta 1991 ba ta halatta ko ɗaya daga cikin biyun ba. Bambancin yana cikin nauyin hukunci. Kamar yadda aka fara zartar da ita, sashe na 80 ya haɗa mai yin caca da mai gudanar da gidan caca a wuri guda, ya tanadar masu ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba, ko tara, ko bulalar da ba ta wuce 25 ba. Sashe na 152, wanda ya shafi shiga ko aikin da aka ɗauka na rashin ɗa'a a bainar jama'a, ya kai bulala 40. Sashe na 153 ya mayar da mallakar kayan batsa kaɗai laifi, sannan ya tanadar wa mai fataucinsu ko mai gudanar da wurin nuna su ɗaurin da zai iya kai shekara uku, ko bulala 60.

A nan akwai abin lura guda biyu. Na farko, mai gidan nuna batsa yana iya shan shekara uku, alhali ɗaurin da sashe na 80 ya tanadar wa mai gidan caca bai wuce wata guda ba. Na biyu, a babin batsa dokar ta san bambancin mai saye da mai sayarwa, ta tsananta wa mai sayarwa. A babin caca kuwa ta ɗora wanda aka cinye da wanda ya cinye shi a kan tabarma ɗaya. Kafin gyaran 2020, matar da ta sa tufafin da ɗan sanda bai yi na'am da su ba tana iya shan bulala fiye da mutumin da ya buɗe gida yana talauta magidanta.

Ba a takarda kaɗai abin ya tsaya ba. A watan Yuli na 2009 aka kama 'yar jarida Lubna Ahmed Hussein a Hartum saboda ta sa wando, aka gurfanar da ita a ƙarƙashin sashe na 152. Shari'arta ta yi amo a duniya domin ta ƙi yin shiru, amma mata masu sayar da shayi da abinci a bakin titi, waɗanda ba su da mai tsaya masu, sun daɗe suna ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan sandan tsarin jama'a. A fagen intanet ma, hukumar sadarwa ta ƙasar ta shafe shekaru tana tace shafukan batsa, kuma ba ta ɓoye hakan ba.

Gwamnatin riƙon ƙwarya ta soke dokokin tsarin jama'a a watan Nuwamba na 2019, sannan gyare-gyaren Yuli na 2020, zamanin ministan shari'a Nasruddin Abdulbari, suka cire bulala daga laifuffuka da dama. An sassauta, amma an gaji tunanin da ya gina dokar. Sashen caca an rubuta shi ne da hoton mutane zaune a zaure da karta a hannu, a lokacin da babu wanda ya yi mafarkin gidan caca zai shige aljihun wando.

Hujjar Addini

Masu kare wannan bambanci sukan ce batsa ƙofar zina ce, zina kuwa tana da haddi, saboda haka dole a fi tsananta mata. Hujja ce mai nauyi, bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Suratun Nur ta yi umarni da runtse ido a aya ta 30 da ta 31, ta kuma yi kashedi ga masu son yaɗuwar alfasha a aya ta 19. Babu malamin da zai ce batsa ƙaramin abu ce.

Sai dai Alƙur'ani bai sassauta wa caca ba. A Suratul Baƙara aya ta 219 an ambace ta tare da giya. A Suratul Ma'ida aya ta 90 an jera ta da giya da gumaka, aya ta 91 kuma ta bayyana cewa tana haifar da gaba da ƙiyayya, tana kuma shagaltarwa daga salla. Abin da aka jera da bautar gumaka ba zai zama na wata ɗaya ba don kawai ana yin sa da tufafi a jiki.

Bugu da ƙari, rawar budurwa a waya ko hoton da aka samu a wayar wani ba su ne zinar da aka yi wa haddi ba, wadda sharuɗɗan tabbatar da ita suke da tsauri ƙwarai. Su da caca duk suna babin ta'aziri ne, wato hukuncin da aka bar wa mahukunta su ƙiyasta gwargwadon ɓarna da maslaha. Ashe ke nan bambancin shekara uku da wata ɗaya ƙiyasin mutane ne, kuma ana iya tambayar mutane hujjarsu. Malaman usulu sun lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Batsa tana taɓa zuriya da mutunci. Caca tana cin dukiya kai tsaye, ta ruɗa hankali, ta raba aure, ta kai wasu ga sata. Wanda ya yi ƙiyasi da gaskiya ba zai ce ɗaya giwa ce ɗaya kuma sauro ba.

Yadda Cacar Waya Take Ci

Dalilin da ya sa ake raina cacar ƙwallo shi ne mutane da yawa suna ɗaukar ta a matsayin gwajin sanin wasa. Lissafi kaɗan ya isa ya warware wannan. A ɗauki ƙungiyoyi biyu masu ƙarfi ɗaya, a ajiye batun kunnen doki a gefe. Adalcin lissafi shi ne wanda ya zuba fam 1,000 ya ci, a ba shi 2,000. Kamfani ba ya ba da haka, sai ya ba da misalin 1,900. Idan mutum biyu suka zuba dubu-dubu, kowa a ɓangarensa, kamfani ya karɓi 2,000 ya biya 1,900. Ɗari ta rage masa, wato kashi 5 cikin 100, ko wace ƙungiya ce ta yi nasara.

Talaka kuwa ba ya tsayawa a wasa ɗaya, domin ribar ba ta taka kara ta karya ba. Yakan haɗa wasanni goma a tikiti guda don ƙaramin kuɗi ya haifi babba. A irin wannan misali, damar ya dace a duka goman ita ce ɗaya cikin 1,024, kuma rabon kamfani yana ninkuwa daga wasa zuwa wasa har ya kai kusan kashi 40 cikin 100. Abin da ya fi jan hankalin marar ƙarfi shi ne ainihin abin da ya fi yi wa kamfani daɗi.

Tsohuwar caca tana da shingaye. Sai an fita daga gida, sai an sami abokan zama, ana tsoron a ga mutum, kuma dare yana yi a watse. Ta waya ba ta da ko ɗaya. Tana buɗe a kowane lokaci, kuɗin da ke fita lambobi ne a fuskar waya waɗanda hannu bai ƙirga ba balle ya ji zafinsu, kuma wanda aka cinye yana iya neman fansa nan take. Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya jarabar caca a rukuni ɗaya da shaye-shaye, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa ta cikin cututtuka. A gari irin Gadarif, inda manomi da ɗan ƙodago suke ganin kuɗi a dunƙule sau ɗaya a shekara, lokacin kaka, asarar mako guda tana iya zama yunwar wata shida.

Darasin Kano

Hausawan Gadarif suna kallon finafinan Kano, suna sauraren malamanta, don haka abin da ya faru a can ba baƙon labari ba ne gare su. Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, ta yi wa Hisba doka a 2003. A 2007, bayan ɓullar wani faifan bidiyo na sirri na wata 'yar fim, aka dakatar da ɗaukar finafinai na tsawon watanni, laifin mutum biyu ya shafi sana'ar dubbai. A shekarar ce aka ɗaure Adam A. Zango kan faifan waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya. A watan Oktoba na 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon wata waƙa. A 'yan shekarun nan kuma 'yan TikTok ne suke zarya tsakanin Hisba da kotu.

A cikin wani kaso mai yawa na waɗannan shekaru, shagunan cacar ƙwallo suna buɗe a unguwannin birnin. Kariyarsu ita ce lasisin tarayya, wanda ya samo asali daga dokar caca ta ƙasa ta 2005. A watan Oktoba na 2024 Hisba ta rufe shaguna kusan 30. Ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, ta ce sha'anin caca hurumin jihohi ne, dokar tarayya ba ta wuce Abuja ba. Wannan ya kwance wa Kano hannu.

Adalci ne a ce Hisba ba ta yi barci ba, kuma dokar tarayya ta daɗe tana yi mata tarnaƙi. Amma rufe shago ba ya rufe manhaja. Wanda aka kora daga shago ya koma ɗakinsa da wayarsa, kuɗinsa kuma ta bankunan ƙasar suke bi. A watan Maris na 2025 Majalisar Wakilai ta nemi hukumar sadarwa ta NCC ta toshe shafukan batsa a faɗin Nijeriya, alhali kamfanonin caca suna da rajista, suna biyan haraji, suna talla a rediyo da talabijin. A Jamhuriyar Nijar ma gwamnati ce da kanta take da kamfanin caca na ƙasa, LONANI. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Dalilan Karkacewar Ma'auni

Dalili na farko shi ne ido. Al'ummar da ta ginu a kan kunya takan fi jin zafin abin da ya fito fili. Bidiyo yana yawo daga waya zuwa waya, kowa ya gani ya yi tir. Asarar ɗan caca kuwa iyalinsa ne suke rufa mata asiri, domin tona ta tona kai ne. Hukuma tana bin inda aka yi kururuwa, ita kuma caca ba ta da kururuwa.

Na biyu shi ne jinsi. Fuskar da ake gani a shari'ar batsa yawanci ta mace ce, ko da yake masu kallo da masu turawa galibinsu maza ne. Caca kuma harka ce da maza suka fi yi, kuma maza ne suka fi yawa a majalisa da kotu da ofishin 'yan sanda. Wannan tsohuwar ɗabi'a ce. A garuruwan ƙasar Hausa, idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, akan kori karuwai daga gari ko a ba su wa'adin aure, su kuwa mazan da ke zuwa wurinsu su kwana a gidajensu lafiya lau.

Na uku shi ne kuɗi. Budurwar TikTok ba ta da lauya, ba ta ɗaukar nauyin gasa. Kamfanin 1xBet yana cikin masu ɗaukar nauyin Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka tun 2019, saboda haka yaron Gadarif da ya zauna kallon gasar nahiyar, tallar caca ce take yi masa sallama kafin a take leda. A Nijeriya, mai kamfanin Bet9ja, Kunle Soname, shi ne mai ƙungiyar Remo Stars wadda ta lashe gasar ƙasar a kakar 2024/2025, gasar da Kano Pillars take bugawa. Duk wannan a fili ake yin sa, kuma bisa dokokin wuraren da ake yi. Abin da yake nunawa shi ne caca ta sami riga da hula ta shiga fada, batsa kuma tana bakin kasuwa ana jifan ta.

Ko Ana Iya Kama Iska?

Akwai masu cewa kamfanonin nan suna ƙetare, da yawansu rajistarsu a tsibirin Kurasawo take, kuma duk shafin da aka toshe matasa za su zagaye. Gaskiya ne toshe shafi ba ya hana mai naci. Amma caca tana da rauni guda wanda batsa ba ta cika samu ba: ba ta yiwuwa sai da kuɗi. Ana iya kallon batsa kyauta, ba a iya caca kyauta. Kowane fam da aka zuba sai ya bi ta banki, ko kamfanin waya, ko dillalin da ke karɓa a asusunsa ya tura gaba. Wannan hanya tana cikin gida, hukuma ta san ta.

Wasu ƙasashe sun gwada. Amurka ta yi doka a 2006 wadda ta hana karɓar kuɗin cacar intanet da ba ta bisa ƙa'ida ta hanyar bankuna. Kenya ta sa kamfanonin waya sun rufe lambobin biyan kuɗi na manyan kamfanonin caca a watan Yuli na 2019. Ingila ta hana yin caca da katin bashi a watan Afrilu na 2020. Italiya ta haramta tallar caca a 2018. A ɗaya ɓangaren ma, da Visa da Mastercard suka janye daga wani babban shafin batsa a watan Disamba na 2020, cikin kwanaki ya goge miliyoyin bidiyo. Inda bulala ta kasa, toshe hanyar kuɗi ya yi aiki.

Akwai kuma masu cewa ƙasar da ke cikin yaƙi tana da abin da ya fi wannan. Haka ne. Sai dai yaƙin ne ya rufe makarantu na dogon lokaci, ya tara matasa babu aikin yi, ya karya darajar fam, ya tura kowa kan manhajar banki. Babu ƙasar noma da caca take so kamar wannan. Yarinyar da talauci ya tura ta sayar da hotonta da yaron da ya tura shi caca, rami ɗaya suka faɗa ta baki biyu.

Kammalawa

Daidaita ma'auni ba ya nufin a ƙara wa ɗan caca bulala har ya kamo 'yar rawa, ba ya kuma nufin a sakar wa batsa mara. Abin da ake nema shi ne doka ta yi tambaya ɗaya a wurare biyun: wa aka cuta, kuma wa ya ci riba? A batsa, amsar za ta kai ga mai tilasta wa mata, da mai yaɗa hoton wata ba da yardarta ba, da mai jawo yara. A caca, za ta kai ga kamfani, da dillalin da ke tara masa kuɗi, da mai yi masa talla. Sashe na 80 yana buƙatar a raba shi gida biyu kamar yadda aka raba na 153, a bambanta mai gida da wanda aka cinye. Babban Bankin Sudan da hukumomin jihohin Nijeriya da Kotun Ƙoli ta miƙa wa wuƙa da nama suna da ikon bin sawun asusun dillalai. Shi kuwa wanda jarabar ta kama, magani da nasiha sun fi kurkuku yi masa amfani.

Malamai da limamai a Gadarif da Kano suna da nasu rabon. Huɗubar da ta yi mako huɗu a kan shigar mata ya kamata ta ba caca ko da mako ɗaya, ta kira ta da sunanta, domin yaran da ke cewa hasashen wasa suke yi ba su ɗauke ta caca ba. Muddin aka ci gaba da gurfanar da budurwa a bar wanda ya kwashe ladan yankan riɗi, an bar jaki ne ana dukan taiki.